Farfesar Hanji da Kaji Masu Koren Zobe

Duk wanda ya shigo unguwar yana cigiyar inda ake sayar da ƙwai mai kyau, sai a ce masa ya miƙe har ƙarshen layi, ya wuce shagon mai walda, ya tambayi gidan Farfesa. Baƙo yakan zaci wani dattijo zai tarar da tabarau da tulin littattafai. Sai ya iske wata gajeriyar mace wadda ta haura hamsin, hannayenta duk sun yi kanta, tana zaune a kan kifaffen bokiti tana wasa wuƙa. Aji huɗu ta yi a firamare aka cire ta. Sunan nan kuwa ba don girmamawa aka laƙaba mata shi ba. Zagi ne tun farko, kuma ba ta taɓa yafe wa wanda ya sa mata shi ba.

Shekara goma sha shida ta yi tana aiki a wata babbar gonar kaji da ke bayan gari. Gonar tana da dogayen ɗakuna shida na kaji masu ƙwai, kowanne da filinsa da aka kewaye da waya, inda kajin ke fita tono da rana. Akwai injin ƙyanƙyasa, don ba sayen tsaki suke yi ba, nasu suke fitarwa. Ita kuwa aikinta a ɗakin fige yake, can ƙarshen gonar, mai santsin siminti da famfon da bai taɓa daina ɗiga ba. Idan kaji suka tsufa suka rage ƙwai, sai a yanka su, ita da wasu mata uku su tsoma su a ruwan zafi, su fige, su farke ciki, a kai kasuwa.

Sauran matan hannunsu na aiki, bakinsu na hira. Ita idonta yana kan abin da ke hannunta. Kazar da ke tono a ƙasa tana haɗiye ƙwayayen tsutsa da ke cikin kashin 'yan'uwanta, tsutsar ta girma a hanjinta, fara, doguwa kamar igiyar takalmi. Wata kazar, in ta tsaga hanjin, sai ta ga ya toshe da su, kazar kuma ta rame, zankonta ya koɗe. Wata kuwa, ɗaki ɗaya suka fito, abinci ɗaya suka ci, ƙasa ɗaya suka tona, amma sai ta samu guda ɗaya ko biyu, wani lokacin ma wayam.

A gonar ana sa wa kowane tsako zoben roba a ƙafa, launinsa ya nuna zakarun da suka haife shi: ja, shuɗi, rawaya, kore. Ta fi shekara uku tana lura kafin ta yarda da idonta. Masu jan zobe, waɗanda suka fi kowa girma da kyan gashi, su ne cikinsu ya fi cika da tsutsa. Masu koren zobe, ƙanana, marasa kwarjini, su ne masu tsabtataccen hanji. Ba duka ba, amma in ta farke goma, bakwai ko takwas haka take samunsu.

Wata safiya manajan gonar ya leƙo ɗakin fige, ya toshe hanci da hankici kamar yadda ya saba. Saurayi ne mai takardu, bai fi shekara biyu da zuwa ba. Ta goge hannu a zani, ta matsa kusa.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da na lura da shi. Kajin nan masu koren zobe, tsutsa ba ta cika kama su ba. Ina ga a jininsu abin yake, daga ubanninsu. Da za a ƙara zakarunsu, da an huta da yawan magani."

Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya cire hankicin. Ya ɗaga murya ya kira direbobi da masu kwashe ƙwai da ke tsaye a waje.

"Ku zo ku ji darasi! Ashe muna da farfesa a gonar nan ba mu sani ba. Farfesar Hanji! Baba, a wace jami'a kika karanta wannan? Ko a cikin bokitin nan aka ba ki digirin?"

Aka kwashe da dariya. Har matan da take aiki da su suka taya, ɗaya kawai ta sunkuyar da kai, wata doguwa da ake ce wa 'Yar Dogo. Daga ranar sunan ya bi ta. Ta haɗiye, ta koma kan wuƙarta. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ta manta.

Manajan ya ƙara yawan kaji a kowane ɗaki, ya kuma daina hutar da filayen kamar yadda aka saba a da, inda ake rufe fili na wasu watanni rana ta gasa shi. Ramin da ake binne kayan ciki ya cika, ta gaya masa har sau uku. Ya ce ba shi da lokacin haƙa rami, ta riƙa zubawa a bayan ɗaki na shida. Da damina ta sauka, tsutsa ta mamaye gonar. Ƙwai ya ragu, kaji suka riƙa faɗuwa. Mai gonar, wani tsohon ɗan kasuwa da ba ya zuwa sai wata-wata, ya iso rai a ɓace yana neman wanda zai kama.

Aka tara ma'aikata a bakin get. Manajan ya nuna ta da yatsa.

"Ga ta nan, Yallaɓai. Ita ke zubar da hanji a bayan ɗakin kaji. Na hana ta, ba ta ji."

"Kai ka ce in zuba a can," in ji ta. "A gaban matan nan ka faɗa."

Ta juya ta dubi matan. Babu wadda ta ɗaga ido. Mai gonar bai ko tambaye su ba, ya ce a sallame ta. Manajan ya ƙara da cewa a duba jakarta, ba a san abin da take fita da shi ba duk shekarun nan. Maigadi ya zazzage jakar a ƙasa: wuƙaƙe biyu, dutsen wasa, sabulu, da tsohon ɗankwali. Ta durƙusa a cikin taɓo ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, mutum arba'in suna kallo.

Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin hali da son barkwanci. Da ta ba shi labari, ya ajiye zarto ya ce, "To, Allah ya isa. Ki bar su da halinsu."

"Allah ya isa, Malam, amma ni ma ban mutu ba," ta ce. "Wallahi sai mutumin nan ya tsaya a bakin get ɗin nan ya faɗi abin da ya yi da bakinsa."

Ta nemi aiki a wasu gonaki biyu. Duk labari ya riga ta zuwa, ita ce matar da ta kashe wa mutane kaji. A wannan zaman ne 'Yar Dogo ta zo a ɓoye, tana ta ba da haƙuri, ta ce manajan ya yanke shawarar kawar da duk masu koren zobe, wai ƙwansu ƙanana ne kuma suna jinkirin fara yi. Za a kwashe su da ransu a ba dillalan kasuwa.

Washegari ta cire 'yan kunnenta ta sayar. Ta bi rumfunan masu kaji tana ɗaga ƙafafu tana duba zobe, har ta haɗa kaji goma sha ɗaya da zakaru biyu. Mijin ya dube su, duk sun tsufa, sun sha wahala, ya ce, "Waɗannan ne sojojin da za ki yaƙi gonar da su?" Amma ya kwashe katakonsa daga filin da ke bayan gida, ya buga mata akurki biyu.

Tsarinta mai sauƙi ne, sai dai yana cin rai. Kowane zakara da matansa daban. Kowane tsako ta ɗaura masa zaren ulu a ƙafa, launin ubansa. Idan 'yan zakaru suka tasa ta yanka don sayarwa, sai ta tsaga hanji ta ƙirga abin da ke ciki, ta ja layi-layi da fensir a jikin bangon akurki. Zakaran da 'ya'yansa suka fito da tsabta, shi za ta bari, ta zaɓi magajinsa daga cikinsu. Wanda 'ya'yansa suka cika da tsutsa, tukunya. Ƙwai kuma ba ta yi wasa da shi ba, kazar da ba ta yi, komai tsabtar cikin danginta, ba ta da wurin zama.

A shekara ta uku abin ya so lalacewa. Tsaki suka fara fitowa raunana, wasu da karkatattun yatsu, rabin ƙwan da aka kwanta wa ba ya fashewa. Ta ɗauki biyu a kwali ta kai asibitin dabbobi. Likitar, wata mata mai yawan tambaya, ta ce jinin ya yi kusa da yawa, uba da 'ya, wa da ƙanwa, dole a shigo da baƙon iri. Da ta ji yadda Farfesa ke zaɓen kajinta, sai ta rufe ofis ta biyo ta gida, ta tsaya gaban bangon nan mai layukan fensir tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, abin da kika gani gaskiya ne," ta ce. "Ana gadon juriyar tsutsa kamar yadda ake gadon launin gashi. Jikin wata kazar yana yaƙar tsutsar tun tana ƙarama, ya kore ta kafin ta kafu. Amma kada ki ɗauka ba sa kamuwa sam. Gado rabin magana ne, sauran yana ga abinci da tsabtar fili."

Ta koya mata cewa ba sai an yanka ba, ana iya duba kashin kaza a madubin likita a ga yawan ƙwayayen tsutsa. Daga nan duk wata Farfesa takan kai mata 'yan ƙulle-ƙullen leda, kowanne da zarensa.

Neman baƙon iri kuwa, dabara ta yi. Ta koma kasuwa ta zauna kusa da mahauta tana fige wa mutane kaji kyauta, da sharaɗin a bar mata hanji. In ta tsaga ta ga tsohuwar kaza mai tono amma cikinta fes, sai ta bi dillali da tambaya har ta gano gidan da ta fito, ta je ta sayi zakara daga can. Mutane suka ce matar nan ta taɓu. Mijinta ya ce shi dai ya auri mace, ya wayi gari da ɗan sandan ciki.

Shekara takwas ta ɗauka. Akurki biyu suka zama ɗakuna uku, ta kasa filin gida huɗu tana juya kajin daga wannan zuwa wancan. Sau ɗaya a shekara take ba da magani, wata shekarar ma ba ta bayarwa. A can babbar gonar kuwa, manajan ya dogara da magani duk wata biyu, har tsutsar ta saba da shi ta daina mutuwa. Ga shi duk sanda aka ba kaji maganin, sai a zubar da ƙwan kwanaki, masu saye su yi ta jira.

Ta san masu sayen nan kaf, domin shekara goma sha shida tana ganin motocinsu. Ba ta nemi sababbin kwastomomi ba, nasa take so. Ta fara da mai gidan burodi, ta bi da masu shaguna biyu da ke bakin tasha. Rannan aka fasa ƙwan babbar gonar a kicin ɗin wani otal aka ga tsutsa a ciki, abin da kan faru jefi-jefi idan ta yi wa kaza yawa. Kafin azahar Farfesa ta isa otal ɗin da kiret ɗin ƙwanta a kai. Ta ce wa mai dafa abinci ya zaɓi duk wanda ya ga dama ya fasa. Labarin tsutsar nan kuwa, ba ta ƙara masa komai ba, amma ba ta bar kunnen da bai ji shi ba.

Ana nan sai ga wani mutum da ba ta sani ba, ya ce yana son zakaru ashirin, zai fara kiwo a ƙauyensu. Ta dubi kwandunan da ya zo da su, na roba ne masu ruwan toka, an kankare lambar da ke gefe. Ta wanke irinsu sun fi dubu a babbar gonar. Ta yi murmushi ta ce, "Wane iri kake so, ɗana?"

"Manya, Hajiya. Masu kyan gani."

A lokacin tana da wani rukuni da ta ware don yanka, 'ya'yan wani ƙaton zakara da ta gwada, wanda zuriyarsa ta fi kowacce tara tsutsa a tarihin bangonta. Ga girma, ga sheƙi, ga zanko ja wur. Ta kama masa ashirin, har ta ƙara masa ɗaya.

Da mutumin ya tafi, mijin ya fito daga rumfarsa yana kaɗe garin katako, fuskarsa babu wasa.

"Wannan ha'inci ne, ke ma kin sani."

"Manya ya ce, na ba shi manya. Ya tambaye ni cikinsu? Ya ce mini daga ina yake? Wanda ya aiko shi ya zo da ƙarya, ya koma da abin da ya roƙa."

"Kajin da za su sha wahala fa? Su me suka yi miki?"

Ta juya ta koma wajen kajinta. Kwana biyu ba su yi wata doguwar magana ba, amma ba ta aika a dawo da zakarun ba.

Manajan ya zuba su a kan mafi kyawun kajinsa, ya yi wa mai gona albishir cewa ya samo irin matar nan ta bayan fage. Shekara ta zagayo, 'ya'yan suka fara ƙwai, damina ta sauka, gonar ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Aka rufe ɗakuna biyu, aka sallami ma'aikata goma sha huɗu. Mai gonar ya kira likitar dabbobi ta duba masa, ita kuwa ta gaya masa gaskiya: filayensa sun ruɓe da ƙwan tsutsa, irinsa ba shi da juriya, kuma mace ɗaya ce a garin ke da abin da yake nema.

Ya zo da kansa, ya tsufa, yana dogara sanda. Ta ba shi kujera, ita ta zauna a kan bokitinta.

"Hajiya, an yi miki ba daidai ba. Na zo a gyara."

"Yallaɓai, ranar da aka zazzage jakata kana tsaye. Tambaya ɗaya da ka yi wa matan nan, da ba mu kai nan ba."

Ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce a tara ma'aikata a bakin get, har waɗanda aka sallama, manajan ya faɗi wanda ya ba da umarnin zuba hanji a bayan ɗaki na shida. In an yi haka, za a yi maganar zakaru.

Aka yi hakan ranar wata Asabar da hantsi. Manajan ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Ya fara kame-kame, yana cewa an samu rashin fahimta a wancan lokacin. Ta ce, "Ban ji ba. Ɗaga murya, kamar yadda ka ɗaga ranar." Ya dubi mai gona, bai ga wurin tsira ba. Ya ce shi ne ya ce ta zuba a can, ta gaya masa rami ya cika har sau uku, kuma ƙarya ya yi mata. Ta tsaya tana kallonsa har ya gama, ba ta ƙifta ido ba. Ta daɗe tana zaton a ranar za ta yi kuka ko guɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba, abin da ta ji kawai shi ne yunwa, don tun safe ba ta sa komai a bakinta ba.

Kafin wata ya ƙare mai gonar ya sallame shi. Ta ba gonar zakaru na gaske, da sharaɗin a hutar da filaye kuma likitar ta riƙa dubawa. Cikin waɗanda suka rasa aiki ta ɗauki 'Yar Dogo da maza biyu da ba su zo gonar ba sai bayan tafiyarta. Sauran matan ɗakin fige biyu sun zo har gida suna roƙo, ɗaya da goyo a baya. Ta ba su ruwa suka sha, ta ce babu gurbi. Mijinta ya ce mata mutum goma sha huɗu sun rasa abinci saboda zakaru ashirin da ɗaya, ya kamata ta riƙa tunawa da wannan in tana salla. Ta ce tana tunawa. Ba ta ce ta yi nadama ba, shi kuma bai sake tayar da zancen ba.

Yanzu 'yarta ta biyu, wadda ta karanta aikin gona, ita ke riƙe da yawancin harkar, ta mayar da layukan bango cikin kwamfuta. Masu ƙananan kiwo daga nesa suna zuwa sayen tsaki, ɗalibai ma kan zo da littafin rubutu, su tsuguna a gabanta tana nuna musu yadda ake tsaga hanji ba tare da an yanke abin da ke ciki ba.

Tsohon manajan bai bar garin ba. Ya buɗe ɗan shagon abincin kaji a kan babban titi, tafiyar minti biyar daga gidanta, kuma kowa ya shaida kayansa masu kyau ne. Sau biyu yana aiko mata da gaisuwa ta bakin mutane. 'Yarta ta sha yi mata magana cewa ga abinci a kusa, me zai sa a riƙa wahalar da mota. Amma duk ranar Talata sai Farfesa ta shiga gaban a-kori-kura, a wuce ta ƙofar shagonsa a hankali, a tafi can ɗaya gefen gari a yi lodin buhuna, a sake dawowa ta gabansa da motar a cike.